Ɗana ya ɗebo kamannin kakansa, bai ɗauko na ubansa ba: yaya hakan ke faruwa?

"Assalamu alaikum Likita. Bayan rasuwar mahaifiyarmu muka buɗe akwatinta a gidanmu na Tudun Wada, Kaduna, muka tarar da tsofaffin hotuna a ƙunshe cikin ɗankwali. A ciki akwai na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, lokacin yana saurayi yana aiki a masaƙa a Kakuri. Wallahi da na gani sai da gabana ya faɗi, domin ɗana na fari ne sak, kamar an tsaga kara. Yaron shekararsa 21. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni da nake 'yarsa ta cikinsa ba wanda ya taɓa cewa ina kama da shi. Shi kuma yaron, tun yana jariri dangin ubansa suke ya da magana wai bai ɗauko su ba ko kaɗan. Yaya kamanni zai tsallake ni ya sauka a kan ɗana? Kuma zan iya kai musu hoton nan a matsayin hujja? Ga hotunan biyu na turo."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan magabata, ya kai haske kabarinsu, ya raya miki yaron. Tambayoyi biyu kika yi: ta ina kamannin kaka ke bi ya isa ga jika alhali ba a gan shi a fuskar uwa ba, da kuma ko hoto na iya zama shaida. Ta farko amsarta a fili take a ilimin gadon halitta. Ta biyun ce ta fi damuna, domin a aikina na likitan yara na ga yadda maganar "bai yi kama da mu ba" take cin zuciyar uwa shekara da shekaru ba tare da ta faɗa wa kowa ba.

Na duba hotunan. Akwai kamar, ba idonki ne ke yaudararki ba. Yadda gashin goshi ya ɗan shigo tsakiya, tazarar da ke tsakanin idanu, faɗin karan hanci daga sama, da yadda kunnuwan suka ɗan buɗe daga kai, duk iri ɗaya ne. Haɓar ce ta bambanta: ta marigayi ta fi faɗi, ta yaron ta fi tsini. Ki riƙe wannan haɓar a ranki, ƙila in kika dubi dangin ubansa da kyau a can za ki same ta.

Abin da ake gado da yadda ake rabonsa

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da kuromosom 46 a ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu ne ƙwayoyin gado suke, kimanin 20,000 masu ba jiki umarnin yadda zai ginu. Saboda haka ke rabin mahaifinki ce cif, ko fuska ta nuna ko ba ta nuna ba. Da kika zo haihuwa, ba ki miƙa wa ɗanki duk abin da kike ɗauke da shi ba, rabi kika ba shi, kuma wannan rabin gauraye ne na abin da kika samu daga Baba da abin da kika samu daga Inna. Kamar a zuba geron gonaki biyu a buhu guda a cakuɗa, sannan a riƙa ɗiban mudu ana ba kowane yaro: wani mudun zai fi ɗebo na wannan gonar, wani na waccan. Zaɓen kuromosom kaɗai, ɗaya daga kowane biyu, yana iya fitowa ta hanya sama da miliyan 8, tun kafin a lissafa musayar guntaye da suke yi a tsakaninsu.

Shi ya sa ake cewa jika yana samun kashi 25 cikin 100 daga kowane kaka, amma wannan matsakaicin lissafi ne kawai. Wani jikan zai haura kashi 30 daga kakansa na wajen uwa, wani ba zai kai 20 ba. Haka 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya: a matsakaici rabi suke tarayya, amma ana samun waɗanda suka yi tarayya a kusan kashi 40 kacal, ana samun na kusan 60. Daga nan ake samun gida ɗaya, wa da ƙane kamar tagwaye, na ukunsu kuwa sai an rantse maka.

Wani abin kuma, fuska ba ƙwayar gado guda ce ke zana ta ba. Mendel, masanin da ya fara gano ƙa'idojin gadon halitta, wanda ya wallafa gwajinsa a kan wake a 1866, ya dace da siffofi masu sauƙi, fure ko fari ko shuɗi-ja. Fuskar mutum ba haka take ba. Wani babban bincike da ya fito a mujallar Nature Genetics a 2021, wanda aka auna fuskokin mutum sama da 8,000, ya gano wurare fiye da 200 a cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, da ke da hannu a siffar fuska, kowanne da ɗan abin da yake taɓawa: wannan karan hanci, wancan leɓe, wancan ƙashin kumatu. Tsawo ma da muke gani kamar abu mai sauƙi, binciken 2022 a kan mutum sama da miliyan 5 ya sami bambance-bambance fiye da 12,000 da ke shafarsa. Idan aka yi sa'a guntayen da suka zana goshi da ido da hancin Baba suka taho tare cikin rabon ɗanki, sai a ga Baba ya dawo. Idan suka warwatsu tsakanin 'ya'yanki, sai a ga wannan da kunnensa, wancan da wushiryarsa.

To me ya sa ba a gan shi a fuskarki ba?

Nan ne amsarki take. Ba tsallake ki ya yi ba, ta cikinki ya bi. Dalili na farko shi ne ke mace ce. Lokacin balaga sinadarin testosteron yana sake fasalin fuskar namiji: ƙashin gira ya fito, muƙamuƙi ya faɗaɗa, hanci ya ƙara girma, gemu ya tsiro. Fuskar mace tana riƙe taushinta da cikar kumatu. Ƙwayoyin gado iri ɗaya sai su ba da fuska biyu daban, gwargwadon jikin da suka sami kansu. Abin da kika ɗauko na Baba ya fito a sigar mace, mutane ba su gane shi ba. Da ya shiga jikin namiji, ya kuma kai shekarun da Baba yake a hoton, sai ya bayyana.

Dalili na biyu, wasu siffofin suna ɓuya idan suka haɗu da waɗanda suka fi su rinjaye. Wannan kullum muke bayaninsa a ɗakin duba masu sikila: uwa AS, uba AS, dukansu lafiya lau, amma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Haka zabiya ke fitowa daga iyaye biyu baƙaƙe. Abin yana nan a jini, bai dai sami abokin fitowa ba sai a wannan yaron.

Akwai kuma wata hanya ta musamman tsakanin kakan wajen uwa da jikansa namiji. Uba yana ba 'yarsa kuromosom ɗinsa na X, ɗaya daga cikin biyun da ke tantance jinsi, shi kuma ɗa namiji daga uwarsa kaɗai yake samun X. Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin da ke da hannu a sanƙo a kan X take, shi ya sa sau da yawa saurayi ke bin kakansa na wajen uwa a wannan fannin, ko da yake ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba.

Dalili na uku shi ne wanda hoton ya tona. Ke ba ki taɓa ganin mahaifinki yana da shekara ashirin da 'yan kai ba. Kin san shi da gemu, da furfura, da rawani ko hula, da nauyin iyali a fuska. Dangin mijinki ma dattijo suka sani. Duk shekarun nan ana gwada yaro da tsoho, ba a taɓa gwada saurayi da saurayi ba sai ranar da kuka buɗe akwatin nan. Ina ba ki shawara ki nemo hoton Baba na fasfo ɗin aikin Hajji ko na katin aiki na baya-baya, ki ajiye kusa da naki na yanzu. Mata da yawa sai sun haura arba'in, kumatu sun ɗan faɗa, ƙashin fuska ya fito, sannan ake cewa "ashe da mahaifinta take kama".

Abin da hoto ke ƙarawa da abin da yake ragewa

Sai dai a yi hattara, tsohon hoto ba madubi ba ne. Hoton baƙi da fari yana share bambancin launin fata, wanda shi ne abu na farko da idon mutanenmu ke kamawa. In an cire launi, sai ido ya koma kan ƙashi da tsari, kama ta fito fiye da yadda za a gan ta ido da ido. Masu ɗaukar hoto na wancan zamanin kuma suna da tsari guda: a zaunar da kai a gaban labule mai zane, a daidaita maka kafaɗa, a ce ka ɗaga haɓa, kada ka yi dariya, a haska fitila daga gefe. Da yawansu suna bin fim ɗin da fensir su goge ƙuraje da tabo, wani lokaci har bille ko tsagar gado ta dusashe. Hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 su kuma da yawa sun rine sun koma jaja-jaja, ba za ka iya sanin hasken mutum na gaskiya daga gare su ba.

Hoton ɗanki da waya aka ɗauka, kuma da alama daga kusa. Wani bincike na 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin 100, in an gwada da na tazarar mita ɗaya da rabi. In kina son gwaji na adalci, ki sa yaron ya zauna yadda kakansa ya zauna, a ja da baya kamar taku uku, a ɗauka, a mayar da shi baƙi da fari. Sannan ki dubi abubuwan da ba sa canzawa da ƙiba ko rama: siffar kunne, tazarar idanu, layin gashin goshi, tsarin haƙora.

Abu guda nake roƙon ki: kada ki saka hoton Baba a manhajojin nan irin su Remini da ke "gyara" tsohon hoto sannan ki yi gwajin da abin da suka fitar. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke yi da ƙiyasi daga dubban fuskokin wasu mutane. Sai su ba ki ido da leɓen da ba na mahaifinki ba, ki zo kina neman su a fuskar jikokinsa.

Idon mai kallo ma yana da nasa son rai. A 1982 wasu masu bincike biyu a Kanada, Martin Daly da Margo Wilson, sun nuna cewa idan aka haifi jariri, uwa ta fi yawan cewa da ubansa yake kama. A 1995 wani rahoto a mujallar Nature ya ce 'yan shekara ɗaya sun fi kama da iyayensu maza, amma da wasu suka maimaita gwajin a 1999 ba su sami hakan ba: baƙon da bai san iyalin ba yana haɗa yaro da uwarsa daidai yadda yake haɗa shi da ubansa, kuma yana yawan kuskure a duka biyun. Ni ma ina ganin haka a ɗakin haihuwa. Kaka za ta karɓi jariri, ta buɗe zanin, ta juya kunnensa ta dubi bakin saman, ta duba gindin farcensa don ta san ko zai yi duhu, sannan ta ce "wannan mijin nawa Malam ne ya dawo". Duba kunnen nan yana da tushe, domin jarirai kan zo da haske su rine daga baya. Amma fuskar kwana ɗaya, wadda ta kumbura da wahalar haihuwa, kusan kowa aka ce tana kama da shi za a yarda. In kuma aka mayar wa yaro sunan kakan, ana kiransa Abba ko Baffa don alkunya, to kowa zai riƙa neman marigayin a tafiyarsa da dariyarsa, kuma zai samu, domin yaro yana kwaikwayon murmushi da ɗaure fuskar waɗanda suka raine shi. Zancen da ake yi cewa in mai ciki ta tsani mutum za ta haifo mai kama da shi, ba shi da wata hanya a jiki. Rabon ya riga ya kammala tun ranar da cikin ya shiga.

Batun kai hoto a matsayin hujja

Hajiya, a nan zan faɗa miki ra'ayina kai tsaye. Hoton nan ya nuna daga ina fuskar yaron ta fito, wato daga gidanku. Bai ce komai a kan ubansa ba, kuma ba ya bukatar ya ce. Kama ba ta tabbatar da nasaba, rashin kama ba ya kore ta. Akwai wani mai ɗaukar hoto ɗan Kanada, François Brunelle, da ya daɗe yana tara hotunan mutanen da ba su haɗa dangi ba amma suke kama kamar tagwaye. A 2022 masu bincike a Sifen suka ɗauki irin waɗannan mutane biyu-biyu har rukuni 32, suka ga rabinsu na'urar tantance fuska ma ta ɗauke su kamar mutum ɗaya. In bare zai yi kama da bare haka, to fuska ba abin da za a ɗora mutuncin mace a kansa ba ce.

Addininmu ya riga ya yi maganar nan. A Bukhari da Muslim akwai mutumin da ya zo wa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ce matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nuni da shakka. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e, jajaye. Ko akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya fito? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta gado ta fizgo shi. Aka ce masa shi ma ɗan nasa wataƙila jijiyar ce ta fizgo shi, ba a kuma ba shi damar kore yaron ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru a gidanki, sai dai ke Allah ya nuna miki jijiyar a takarda. A shari'ar Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdu bin Zam'a ma, an ga kamannin yaron ƙarara da wani mutum daban, amma hukuncin ya tsaya a kan cewa ɗa na mai shimfiɗa ne. Zurfin hukuncin fiƙihu na malamai ne, ni likita ne, can za ki kai wannan ɓangaren in bukata ta taso.

Shi ya sa ba na so ki shiga gidan surukanki da hoton nan kamar mai kare kanta a gaban alƙali. In kika yi haka kin yarda ke nan cewa fuska ce ma'auni, gobe kuma ƙanensa da bai yi kama da kowa a hoto ba ya shiga uku. Ki kai shi a matsayin abin farin ciki. Ki fara nuna wa maigidan ku biyu, sannan ranar wata ziyara ko Sallah ki miƙa wa Hajiyarsa ki ce "Mama, ku ga abin da muka tsinta a kayan Inna". Tsofaffi sun fi mu iya karanta irin wannan, ba sai kin ƙara ko kalma ba.

Gwajin DNA, wanda Alec Jeffreys ya buɗe ƙofarsa a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, shi ne abin da kimiyya ke amsa tambayar nasaba da shi, kuma in an yi shi a wuri nagari amsarsa tana da ƙarfi ƙwarai. Amma ban ga dalilinsa a nan ba. Ba ki ce mijinki ya taɓa shakka ba, kuma yaro mai shekara 21 da aka ce ya kawo yawunsa a gwada ba zai manta da ranar ba har abada. Ba a yin wannan don a rufe bakin masu gutsiri-tsoma. Ko gwajin jini na yau da kullum ma ina gargaɗi a kansa: na sha ganin ma'aurata sun zo rai a ɓace saboda an ce uba AA ne amma yaro ya zo SS, da aka sake gwada uban a wurin da ke da kayan aiki masu kyau sai ga shi AS, tun asali sakamakon farkon ne ba daidai ba. Duk wanda ya sami kansa a irin wannan, ya maimaita gwajin kafin ya furta kalmar da ba za ta janyu ba.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga hotuna biyu ke nan. Ba ni da hanyar auna kashi nawa ya ɗauko daga kakansa ta kallon fuska, kuma yawancin manyan binciken fuska da na ambata a kan Turawa aka yi su, ba a kan mutanenmu ba, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. Abin da zai amfani yaron a likitance shi ne tarihin lafiyar kakan nasa, ba fuskarsa ba: ko ya yi hawan jini, ciwon suga, hawan jinin ido, ko ciwon zuciya da wuri. Kama a fuska ba ta nufin zai gaji cutar, rashin kama ba ya nufin ya tsira, don haka duk 'ya'yanki ya kamata su san wannan tarihin.

Su kuma hotunan, ki raba su da ɗankwalin da akwatin ƙarfe kafin damina, laimar Kaduna a watan Agusta tana manne su da juna ta tsirar musu da fumfuna. Kada a kai su a like da leda mai zafi, tana lalata su kuma ba ta ciruwa. A kai wurin masu sikana a kwafe gaba da baya, domin bayan hoto kan ɗauki hatimin mai ɗaukar da shekarar. A raba wa 'yan'uwa kwafin, asalin kuma a sa farar takarda tsakanin kowane biyu a ajiye a wuri busasshe. In akwai gwaggo ko kawu da ya rage a dangin Baba, ki kai masa su tun yana da ƙarfin gani, ya faɗa miki su wane ne a tsaye a bayansa, ki rubuta sunayen da fensir a baya, ba da biro ba, don tawada tana ratsa takarda.